Tsufa a bakin aiki tsakanin Faransa, Luksambur da Jamus: abin da kowannenmu ya gani

Mai buɗe zance, daga Thionville:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 19 ke nan ina kwana a Faransa ina aikin gini a Luksambur, kuma a bana na cika shekara 58. Mu da muke tsallaka iyakar nan kowace safiya mun haura mutum dubu 200, wato kusan rabin ma'aikatan Luksambur, kuma wajen rabinmu daga Faransa muke fitowa. Muddin mutum yana da ƙarfi, iyaka ba ta damunsa, domin zai hau jirgin ƙasa ko ya bi babbar hanyar A31, ya yi aikinsa ya dawo. Sai da gwiwoyina suka fara gazawa na lura cewa likitana yana ƙasa ɗaya, mai gidan aikina yana wata, fanshona kuma yana warwatse. Ina roƙon waɗanda suka riga ni isa wannan mataki su faɗa mana abin da suka tarar.

Ma'aikaciyar jinya, daga Trier:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni a Damagaram na yi karatun jinya. Kafin Jamus ta amince da takardata sai da na ci jarrabawar harshe a matakin B2, na kuma yi wani ƙarin horo, sannan da na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Luksambur aka ce in sake neman izini, alhali wadda ta yi karatunta a cikin Tarayyar Turai ana karɓar takardarta kai tsaye. Yanzu shekaruna 54. Kullum ana kukan ƙarancin ma'aikatan jinya, kuma gaskiya ne, amma da na nemi a rage mini aikin dare da ɗaga marasa lafiya saboda bayana, sai aka ce babu mai maye gurbina. Abin da ke ci mini rai shi ne ana so mu daɗe a bakin aiki, har Jamus ta kai shekarun ritaya zuwa 67 ga duk wanda aka haifa daga 1964, amma ba a sauya aikin ya dace da jikin da ya fara gajiya ba. Ga shi kuwa tsofaffin da nake kula da su sun fi sakewa da mu manya, domin muna da haƙurin sauraron su.

Dattijo mai ritaya, daga Metz:
Ƙanena, na bi wannan hanya har ƙarshe, don haka bari in yi bayani dalla-dalla. Na yi shekara 6 ina aiki a Yamai, 11 a Faransa, 21 a Luksambur. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 883/2004 ta ce a haɗa shekarun da mutum ya yi a ƙasashen tarayyar wajen duba ko ya cancanci fansho, amma kuɗin ba a tukunya ɗaya suke ba, kowace ƙasa tana biyan rabonta ne idan ka kai shekarun da ita ta gindaya. A Luksambur 65 ne, a Faransa kuwa dokar 2023 ta fara ɗaga su daga 62 zuwa 64. Takardar neman fansho a ƙasar da kake zaune ake miƙa ta, su ne za su tuntuɓi sauran.

A rubuce abin yana da kyau, kuma ba zan raina shi ba, domin ba don wannan haɗin kai ba da shekaruna sun tarwatse. To amma fayil ɗina ya yi fiye da shekara yana yawo tsakanin ofisoshi, saboda an rubuta sunana iri biyu, kuma takardar haihuwata ta gida shekara kawai ta nuna, babu rana babu wata, kowane ofis ya cike gurbin yadda ya ga dama. Shekarun Yamai kuwa ta ɓangaren Faransa aka duba su, albarkacin yarjejeniyar da ta ƙulla da Nijar a 1973, kuma sai da na aika ɗan ƙanena ya tono mini lambata ta CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na Nijar. Kada ka jefar da takardar albashi ko ɗaya, kuma ka nemi kowane asusu ya aiko maka da lissafin shekarunka tun yanzu.

Mazaunin Saarbrücken:
Baba, ku kun dace da yarjejeniya. Ni na yi shekara 8 a wata masaƙa a Kano kafin in fito, kuma babu irin wannan yarjejeniya tsakanin Najeriya da Jamus, don haka waɗancan shekaru ba su shiga lissafi ba. An sallame ni daga wani rumbun kaya a Luksambur ina da shekara 57. A nan na fahimci cewa ƙasar da kake zaune ita ke biyan kuɗin rashin aiki, ko da a maƙwabciyarta ka yi ta zuba gudummawa. Wata mai ba da shawara ta EURES, tsarin Tarayyar Turai na taimaka wa masu neman aiki, ta taimaka mini ƙwarai, ta nuna mini guraben aiki a ɓangarorin iyaka duka, har na samu aikin tuƙa motar ɗaukar ɗalibai. Kafin nan wurare da dama sun yi shiru da zarar sun ga shekarar haihuwata.

Ma'aikaciyar jinya, daga Trier:
Yaya mai buɗe zance, ka tambayi likitanka game da tsarin sauya wa ma'aikaci gurbi da Luksambur take da shi ga wanda lafiyarsa ba ta barinsa ya ci gaba da aikinsa na da. Masu tsallaka iyaka ma suna cikinsa. Sai dai ka sani cewa kowace ƙasa da ma'auninta na gazawar jiki, abin da likitan nan ya tabbatar ba lallai ne na can ya karɓa ba.

Mai buɗe zance, daga Thionville:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan ga likita, kuma na riga na fito da jakar takarduna, na tarar babu na shekara biyu na farko da na yi a Faransa, kamfanin kuma ya daɗe da rufewa. Baba na Metz, wace shaida aka karɓa daga gare ka a madadin takardun da suka ɓata?