Wace aƙida zan rubuta game da aikin jinya?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, kuma an umarci kowannenmu ya rubuta aƙidar da zai gina aikinsa a kanta. Kowa cewa yake zai tausaya wa majinyaci, alhali a ɗakin da nake koyon aiki malamar jinya ɗaya ce kan kwana da marasa lafiya masu yawa. Iyayena da yayyena a wannan aiki, ta yaya tausayi yake bayyana a aikace cikin irin wannan hali?

Tsohuwar Malamar Asibiti:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da sutura. Matar da aka kwantar a gadon asibiti ta bar ɗakinta da sirrinta, saboda haka kafin ki buɗe jikinta domin wankin ciwo ko allura, ki ja labule, ki kira sunanta, ki gaya mata abin da za ki yi mata da dalilinsa. Wannan ba ya cin lokaci ko da gadaje sun cika. Ki kuma lura da kunya, domin mace da yawa ba za ta faɗi ainihin abin da ke damunta ba muddin surukarta ko mijinta na tsaye a kanta, musamman mai yoyon fitsari ko zubar jini. Ki nemi mai jinya ya ɗan ba ku wuri cikin ladabi, sannan abin da kika ji ya tsaya tsakaninki da likita. Mun sha jin mata suna cewa tsawar ɗakin haihuwa ce ta sa suka gwammace haihuwa a gida, kuma wannan magana tana yi mini ciwo ƙwarai.

Nas Mai Aikin Dare:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ƙanwata, kada ki raba tausayi da ƙwarewa. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, da ta isa asibitin sojoji na Scutari da ke ƙasar Turkiyya a 1854, kan tsabta da abinci da wankin tufafi ta dage. Tun kafin ita, Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina, inda ta yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, ba da magani a kan lokaci, da juya wanda ba ya iya motsi don kada kwanciya ta ci masa baya, duk su cancanci shiga aƙidarki.

Ɗalibar Jinya:
Na gode, Mama, na gode, Yaya. To idan gajiya ta yi yawa har murya ta fara ɗagawa fa?

Tsohuwar Malamar Asibiti:
Ki sanar da shugabar ɗaki cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin ƙarancin ma'aikata ba laifin majinyaci ba ne. Idan kuma tsawa ta kuɓuce miki, ki koma bakin gadon kafin ki miƙa aiki, ki yi masa sannu, ki ba shi haƙuri.