Farin falle da ke bayan tiransisto ya fashe, me zan sa a madadinsa?

Mai gyara daga Ringim:
Assalamu alaikum. An kawo amfilifayar masallaci, tiransistocinta 2SC5200 da 2SA1943 sun ƙone. Wajen cire su wancan falle mai kama da gilashi da ke tsakaninsu da ƙarfen sanyaya ya rududduge. In ɗaura sababbin haka nan, ko in yanka leda mai kauri in sa?

Malamin lantarki, Kazaure:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ɗaura su haka. Sunansa maika, dutse ne da ake ɓarewa falle-falle, yana barin zafi ya wuce amma ba ya barin wuta. Bayan waɗannan tiransistocin haɗe yake da kolekta, wato ƙafar tsakiya, ɗaya yana kan layin fositif, ɗaya kan nagatif. In suka taɓa ƙarfe guda, wutar ta haɗe ke nan, kana kunnawa fiyus zai tafi ko su sake ƙonewa.

Leda narkewa take yi, takarda kuma riƙe zafi take har ta babbake. Nemi maika daidai girman tiransiston, kaurinta bai kai 0.1 na milimita ba. Goge ƙarfen tas, ka shafa yatsa bakin ramin noti, domin ɗan tsinin da ke wurin shi ke huda ta. Sa farin man nan mai taimaka wa zafi wucewa kamar ƙwayar shinkafa a kowane gefen maikar, ka baje shi siriri. Kada ka ninka biyu, zafi zai taru. Ɗaure a hankali. Kafin ka ba da wuta, ɗora mita tsakanin ƙafar tsakiya da ƙarfen. In ta yi ƙara, alamar sun haɗe ke nan, kwance ka sake.

Mai haɗa inbata, Wudil:
Gaskiya Malam ya faɗa. Ƙari ɗaya: ƙanana irin IRF3205 kunnensu ƙarfe ne, sai an sa 'yar robar nan a wuyan noti, in ba haka ba notin ne zai kai wutar ko da maikar lafiya take.

Tsohon ma'aikacin wuta, Hadeja:
Yarana, ku san inda abin nan yake fitowa. Mai yawa daga Indiya ne, jihohin Jharkhand da Bihar, sai Madagaska. Bayan dokar kare dazuzzuka ta 1980 a Indiya an rufe ramuka da dama, talakawa suka ci gaba da tono ba izini. Ƙananan yara ke shiga ramukan, ƙasa na ruftawa da su, ƙurar na cin huhu. A 2017 aka kafa ƙungiyar Responsible Mica Initiative a Faransa don kamfanoni su riƙa bin sawun kayansu tun daga bakin rami, to amma ƙullin da za ka saya a Sabon Gari babu rubutun asali a jikinsa.

Abin da ke hannunmu shi ne daina zubarwa. Maika ba ta tsufa. Tsofaffin rediyo da inbata da ke wurin 'yan gwangwan cike suke da ita. Ɗaga ta da reza a kwance, wanke tsohon man da sifirit, ka duba ta a hasken rana. In babu tsaga ko huji, mayar da ita aiki.

Mai gyara daga Ringim:
Na gode, Baba. Akwai matacciyar amfilifaya a shago, na ciro huɗu, uku lafiya lau.