"Haihuwa maganin mutuwa": wadda ba ta haihu ba fa?

Inna Ta Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: "Haihuwa maganin mutuwa." Ana faɗinta a gidan suna, ana faɗinta a zaman makoki, wani lokaci ma daga an hango yaro ya taho da irin tafiyar marigayi mahaifinsa sai wata tsohuwa ta ja numfashi ta faɗe ta. Abin da ke damuna shi ne, da wuya a yi taron mata babu wadda Allah bai ba haihuwa ba a zaune, kuma da kunnenta take ji. Me maganar take nufi tun asali? In haihuwa ce maganin, ita wannan baiwar Allah ta mutu murus ke nan? Dattawa ku warware mana.

Dattijon Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam, Inna. Magabata ba don gori suka yi ta ba, ta rarrashi ce. An dawo daga maƙabarta, a dubi 'ya'yan mamaci a ce wa iyalinsa ku yi haƙuri, ya bar baya. Ku tuna irin rayuwar da aka yi maganar a cikinta. Noman gandu ne da fartanya. Magidanci in ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa ne za su riƙe gona, su ci da tsofaffi, su gaji sana'ar gidan, ƙira ce ko jima ko saƙa. Babu fansho, yara kuma suna yawan mutuwa tun suna goye. Wanda ya ga ɗansa ya kawo ƙarfi a wancan zamani, dole ya ji cewa mutuwa ba za ta share gidansa ba. Iyakar ma'anarta ke nan. Ba ta ambaci wadda ba ta haihu ba ko da harafi ɗaya.

Gwaggon Yara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ma'anar da ka kawo ta zaure ce. Shigo cikin gida ka ji yadda ake aiki da ita. Kishiya za ta ɗauko jaririnta ta tsaya daidai ƙofar ɗakin abokiyar zamanta, tana masa wasa tana ɗaga murya, "haihuwa maganin mutuwa, wanda bai samu ba sai haƙuri." Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Daga nan sai dangin miji su ɗora nasu: juya ce, ba abin da take yi sai cika wa ɗan'uwansu masai. Na ji wannan da kunnena a gidaje na mutunci, daga bakin mata masu sallar dare. Maganar da za a iya soka wa mutum haka cikin sauƙi, ni dai ba zan ce ba ta da laifi ko kaɗan ba.

Almajirin Sakkwato:
Gwaggo, irin wannan gorin ya girmi Hausa. Da ɗa namiji na Manzon Allah (SAW) ya rasu a Makka, maƙiyansa suka ce bayansa ya yanke, da ya mutu an manta da shi. Suratul Kausar ta ba su amsa: mai ƙinka shi ne mai yankakken baya. A Suratush Shura kuma, aya ta 49 da ta 50, Allah ya lissafa rabon da kansa: wani a ba shi mata, wani maza, wani a haɗa masa, wani kuma a bar shi ba haihuwa. Duk a jere guda, ba a ce ɗaya daraja ce ɗaya ƙasƙanci ba.

Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ɗa ɗaya ne cikin uku, shi ma da sharaɗin ya zama nagari.

Ku dubi Uwar Muminai Nana A'isha (RA). Ba ta taɓa haihuwa ba. Alkunyar da ake mata, Ummu Abdillahi, da sunan Abdullahi ɗan Zubairu ne, ɗan yayarta Asma'u. Ta rayu kusan shekara 47 bayan Annabi (SAW), ta rasu a shekara ta 58 bayan hijira, an ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta. Manyan sahabbai in mas'ala ta shige musu duhu ƙofarta suke zuwa. Ta riƙe Ƙasim, ɗan ƙaninta Muhammadu, bayan an kashe mahaifinsa, ta karantar da Urwatu ɗan 'yar'uwarta, su biyun kuma suna cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina. Yau ku shiga kowace unguwa a ƙasar Hausa ku ƙirga A'i da Indo da Shatu da Humaira. Wace mai 'ya'ya goma ce ake wa takwara haka?

Ba ita kaɗai ba. A matan Annabi (SAW) Nana Khadija da Mariya ne kawai suka haihu da shi. Nana Hafsatu a hannunta aka ajiye takardun Alƙur'anin da aka tattara zamanin Sayyidina Abubakar, daga wurinta Sayyidina Usmanu ya aro aka kwafa. Nana Zainabu 'yar Jahshi jima take yi da hannunta tana sadaka da kuɗin. Can baya kuma akwai Karimatu Almarwaziyya, wadda ta rasu a Makka a shekara ta 463 bayan hijira ba ta taɓa aure ba, manyan malamai irin su Khaɗibul Bagdadi a gabanta suka karanta Sahihul Bukhari.

Bazazzagiya:
Malam ya je Madina, ni bari in tsaya a gida. Amina 'yar Bakwa ta san rana. Labarin baka ya zo cewa ta ƙi zaman aure kuma ba ta bar ɗa ba, amma har gobe in an ga tsohuwar ganuwa a wani gari sai ka ji an ce ganuwar Amina. Ga makarantar 'yan mata da sunanta a Kaduna, ga ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello. Sarakunan Zazzau nawa ne masu tulin 'ya'ya waɗanda sai masanin tarihi ne zai iya kawo sunansu?

Wadda ta fi burge ni ma ba sarauniya ba ce. Baba ta Karo, tsohuwa ce talaka da ta rayu a ƙasar Kano da Zazzau, an haife ta a 1877 ta rasu a 1951. Aurenta huɗu, ba ta haihu ba, 'ya'yan dangi ta riƙa har ta aurar. A garin Giwa ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Duk mai son sanin yadda matan Hausawa suka rayu kafin zuwan Turawa da bayansa, aure da kishi da bauta da ƙawance da bori, bakinta yake komawa. Sa'o'inta da suka haifi goma-goma, ko sunansu ba mu sani ba.

Mai Jiran Rabo:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, don ni ce wadda kuke magana a kanta. Malam da Yaya Bazazzagiya, Allah ya saka da alheri, na san da kyakkyawar niyya kuka yi. Amma ku ji abin da ya tsaya min a rai. Duk lokacin da za a kare mu, sai an ɗauko Nana A'isha ko Sarauniya Amina. Ni ban haddace hadisi dubu biyu ba, ban gina ganuwa ba. Ɗinki nake yi, ina dafa wa mijina abinci, ina jinyar mahaifiyarsa. Mace mai 'ya'ya ba wanda ke tambayarta me ta ƙulla a duniya kafin a girmama ta. Ni ce sai na zama abin tarihi kafin a yafe min abin da ba ni na yi wa kaina ba?

Sannan masu ce min "wani hani ga Allah baiwa ne", gaskiya ce, na yi imani da ita. Amma ni ya kamata in faɗa wa kaina ita a kan sallaya. In ta fito daga bakin mai goyo a baya da wani a ciki, ba ta shiga. Ina son ɗa. Ina kuka a kai. Kada a ɗauka don an lissafa min manyan mata ciwon ya tafi.

Gwaggon Yara:
'Yata, kin faɗi abin da ya fi duk namu. Allah ya share miki hawaye.

Dattijon Ƙofar Doka:
Amin. 'Yata, mutuncinki ba ya jiran haihuwa, ba ya jiran ganuwa. Jinyar surukarki kaɗai wani ɗan cikinta bai yi ba. Amma ina nan a kan cewa kada mu jefar da karin maganar. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, in aka ce mata haihuwa maganin mutuwa, ƙarfin gwiwa ake ba ta. A bar mata abarta. Abin da za a koya wa mutane shi ne duba fuskokin da ke wurin kafin a buɗe baki, tunda magana zarar bunu ce.

Ungozoma Daga Maraɗi:
Ni ta wajen aikina zan shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mutum aka ce, ba mace ba. Sau da yawa matsalar daga namiji take, gwajinsa kuma ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Amma kullum mace ce ke zuwa ita kaɗai, bayan ta sha saiwoyi da rubutu har cikinta ya gaji. A ce ta zo da maigida, sai ta sunkuyar da kai. Na ga wadda aka saka da sunan juya, ta yi wani auren ta haihu, shi kuma tsohon mijin ya jera mata uku shiru. Duk da haka ban taɓa jin an yi wa namiji habaici da wannan karin maganar ba.

Bazazzagiya:
To ai muna da wata da za ta iya zama amsa: "Ɗa na kowa ne." Me ya sa ba a ɗaga ta kamar yadda ake ɗaga waccan?

Gwaggon Yara:
Saboda a baki take, ƙanwata. Ɗa na kowa ne lokacin wankin kashi da zaman asibiti da kuɗin makaranta. Ranar da yarinya ta isa aure, ko yaro ya fara ɗaukar albashi, sai ki ga masu shi sun bayyana. Mata nawa ne suka yi riƙo tun daga yaye, ranar biki aka zaunar da su a layin baƙi? Wanda ya fi wannan ciwo shi ne ranar da miji ya faɗi. In yana da 'ya'ya da wata, tumunin takaba ne nasu, ita da kishiyoyinta su raba. Kishiya ta ci gaba da zama a gidan a inuwar 'ya'yanta, ita kuwa da ta gama takaba sai a fara kallon ɗakinta. Mace ta shekara talatin a gida ta fita da akwati. Malam, shari'a ba ta bar wata ƙofa ba?

Almajirin Sakkwato:
Ta bari, Gwaggo, mutane ne ba sa bi tun da sauran lokaci. Rabon gado ba mai taɓa shi: in mijin ba shi da ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji, rubu'i ne na matar, in yana da shi tumuni. Wasiyya kuma ba a yi wa magaji, don haka miji ba zai ce bayan raina a ƙara wa wance ba, sai in sauran magada sun yarda. Amma kyauta yana da lafiyarsa halal ce. Zai iya ba ta fili ko gida ko jari. Sharaɗin a mazhabar Malikiyya shi ne abin ya shiga hannunta kafin ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. A nan ake yawan tuntuɓe: in gidan da suke zaune ciki ne ya ce ya ba ta, ya kuma ci gaba da zama a ciki har ya mutu, malamanmu ba sa ɗaukar wannan a matsayin ta karɓa, sai gidan ya koma gado. Gara ya ba ta wani wurin daban, a kira shaidu, a rubuta, takarda ta koma sunanta.

Ita ma haka tsakaninta da ɗan da ta riƙa. Riƙo ba ya sauya nasaba, ba ya sa gado, amma tana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarta ba matuƙar ba magajinta ba ne, shi ma yana iya yi mata.

Mai Jiran Rabo:
Malam, wannan batun gidan da ake zaune ciki ban taɓa jinsa ba. In bene ne, ya ba ni sama yana zaune a ƙasa da uwargida, shi ma hukuncin ɗaya ne?

Almajirin Sakkwato:
Wannan sai an ga yadda ginin yake, da ƙofofinsa, da inda yake kwana ranar girkinki. Ku je ke da shi wurin alƙali ko malamin da ya san fiƙihun kyauta, ku tafi da takardun gidan.