Zan shiga babban fili kallon wasan ƙarshe da ɗana, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa da nake goya wa baya ta kai wasan ƙarshe, kuma za a buga a filin da ke cin mutum sama da dubu 60. Ban taɓa shiga fili mai girman haka ba. Ɗana ɗan shekara 10 ya dage sai na tafi da shi, mahaifiyarsa kuwa hankalinta bai kwanta ba. Don Allah waɗanda suka saba, ƙarfe nawa ya kamata mu isa, a wane ɓangare za mu zauna, kuma tafiya da yaron ba ganganci ba ne?

Tsohon Gola:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tafi da shi, amma ka sani cewa wahalar babban wasa a bakin ƙofa take, ba a kan kujera ba. Ku isa awa biyu zuwa uku kafin a take wasa. Mutane suna son zuwa saura minti 20, sai dubbai su haɗu a mashiga ɗaya, na baya yana jin ihun cikin fili yana turo na gaba. Abin da ya faru ke nan a filin Olembe na Yawunde a Janairun 2022, ranar wasan Kamaru da Komoros a gasar kofin Afirka: mutum 8 suka rasu a turmutsitsin shiga, har da yara. Wanda ya shiga da wuri yana zaune lafiya, bai ma san abin da ake ciki a waje ba. Ga shi kuma yaro zai ga 'yan wasa sun fito motsa jiki, wanda a wurinsa wani kallo ne na daban.

Mai Jar Riga:
Tikiti shi ne farko, Malam. Ka saya a hannun ƙungiya ko hukumar da ta shirya gasar, kada araha ko matsi su kai ka wurin masu sayarwa a bakin titi. Na bogi ba ka gane shi sai na'ura ta ƙi karantawa, ga yaro a hannu, ga layi a bayanka. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Paris a 2022, tsakanin Liverpool da Real Madrid, har masu tikitin gaskiya sun maƙale a waje saboda cunkoson mashiga, aka ɗage wasan fiye da rabin awa. In tikitin na waya ne, ka sauke shi tun a gida, ka cika caji, don sabis yakan ɗauke idan jama'a suka yi yawa. A jikinsa akwai lambar ƙofa da layi da kujera. Ƙofar da aka rubuta maka ita kaɗai za ka nufa. Ka kuma duba dokar jaka. Filin wasa na Wembley da ke Landan, alal misali, ba ya barin a shiga da jakar da ta wuce girman takardar A4.

Uwar Biyu:
Ni dai ina bayan mahaifiyarsa, ɗan'uwa. Wasan ƙarshe ba shi ne na koyon shiga fili ba, da ma ka fara kai shi ƙaramin wasa. In kuwa ka riga ka yanke, kada ku zauna bayan raga, can ne 'yan gani-kashe-ni suke, a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, yaro ba abin da zai gani sai bayan mutane. Ku nemi gefen fili, cikin magoya bayanku. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu, ka nuna masa ma'aikatan fili masu riga mai ƙyalli, ka ce in ya rasa ka wurinsu zai je.

Tsohon Gola:
Maganarki gaskiya ce Hajiya, sai dai in ƙara da fita. Idan alƙalin wasa ya busa tashi, ku yi zamanku har matakala ta yi sauƙi. In rigima ta tashi ma kada ku ruga ƙofa. A Accra a Mayun 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa, jama'a suka yi ƙofofi suka tarar a rufe, mutum 126 suka rasu. In cunkoso ya rutsa da ku, ka ɗaga yaron sama, ka kare ƙirjinka da hannu don ka samu numfashi, ka bi inda jama'a suka nufa kana zamewa gefe a hankali. Ko takalmi ne ya faɗi, kada ka sunkuya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi kujerar gefe. Saura ɗaya: mu sa rigar ƙungiya tun daga gida?

Mai Jar Riga:
Ku sa, amma ku ɗora wata a kai har ku shiga ɓangarenku. Haka ma wajen komawa, musamman in ku kuka ci kuma hanyarku ta biyo ta tashar da magoya bayan ɗaya ƙungiyar suke jiran mota.