Yadda kowannenmu ya gane aikin lambar ƙasa a lissafin kaso

Malamar aji huɗu na firamare:
Assalamu alaikum. Kowace shekara ɗalibaina suna dagewa cewa 1/8 ya fi 1/4 girma, tunda takwas ta fi huɗu, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ina roƙon kowa ya faɗi yadda ya gane aikin lambar ƙasa, wato lambar da ke ƙarƙashin layi kamar 8 a 1/8, ko na samu hanyar da zan bi da su.

Wani tela:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni a kan tef ɗin awo na gane ta. Maigidana ya ɗora farcensa a kan inci ɗaya, ya sa na ƙirga gidajen da ke cikinsa, na samu takwas, sannan ya nuna mini cewa gida biyu ne rubu'in inci, gida huɗu kuma rabinsa. Tun ranar na fahimci cewa lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama kuma gida nawa aka ɗauka.

Wani ɗalibin ilimin gado:
Malama, Allah ya saka miki da alheri. A makarantar boko na sha haɗa 1/8 da 1/6 in rubuta 2/14, ana soke mini ba tare da bayani ba. Sai a zaure, da muka zo ayoyin gado na Suratun Nisa'i, na ga cewa matar mamaci tana samun rubu'i idan bai bar ɗa ba, idan kuwa ya bar ɗa rabonta ya sauko zuwa sumuni, wato 1/8, kuma babu wanda ya yi shakkar cewa sumuni ne ƙarami. Da sumunin mata ya haɗu da sudusin uwa, wato 1/6, malaminmu ya raba dukiyar gida 24, ya ba matar 3, ya ba uwar 4. A ganina, rashin kiran kason da sunansa ne yake rikita yara.

Wani manomi:
Wajen zakkar hatsi, noman damina dami ɗaya ake fitarwa cikin goma, wanda aka shayar da inji kuwa ɗaya cikin ashirin, saboda wahalarsa ta fi yawa.

Malamar aji huɗu:
Na gode muku. Jiya na kai rake biyu masu tsawo ɗaya aji, na yanka ɗaya gida huɗu daidai, ɗayan gida takwas, na ce kowa ya zaɓi yanki guda. Yarinyar da ta fi kowa gardama ce ta fara miƙa hannu wajen na huɗun.