Neman shawara: yaya ake sanin man da ya rage a tankin tauraron ɗan'adam?

Malamar kimiyya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya wata ɗalibata 'yar aji biyar ta ƙure ni da wannan tambayar. Na ce mata kamar na mota ne, akwai fulot da ke yawo a saman mai. Sai ta ce, "Malama, ai can babu sama babu ƙasa." Na yi mata alkawarin amsa ranar Litinin, don Allah ku fitar da ni kunya.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malama, yarinyar nan ta fi ki gaskiya. Ko a gangare aka ajiye mota allurar mai sai ta yi ƙarya, balle can.

Injiniya: Malama, a can mai ba ya kwanciya, bangon tanki yake mannewa, iskar gas da ke cikin tankin ta dunƙule a tsakiya. Abin da aka fi dogara da shi lissafi ne: an san abin da aka zuba, duk sanda aka kunna inji sai a rubuta tsawon lokacin a debe. Kamar mai shagon da ba ya leƙa buhu, littafi kawai yake dubawa, ƙananan kurakurai na taruwa cikin shekaru. Shi ya sa idan mai ya ja baya ake ɗumama tankin da hita a duba saurin hawan zafinsa. Wannan ki nuna musu a aji: tukwane biyu iri ɗaya, ɗaya cike da ruwa, ɗaya kwata, wuta iri ɗaya. Mai kwatan za ta riga zafi.

Ɗalibin jami'a: Ki ƙara musu da dalilin damuwar. Tauraron sadarwa irin NigComSat-1R da aka harba a 2011 yana can kusan kilomita 36,000 sama. Kafin mansa ya ƙare dole a rage wanda zai ɗaga shi kamar kilomita 300 ya ba wasu wuri. A yi saurin sallamarsa an yi asara, a makara ya zama shara a hanya. Akwai kuma sabuwar dabarar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato a aika igiyar rediyo cikin tanki a saurari yadda take amsawa. An gwada ta a kumbon Odysseus da ya sauka a duniyar wata a 2024.

Malamar kimiyya: Na gode, Allah ya saka. Injiniya, ma'aunin zafi ɗaya gare mu a makaranta, zai yi?

Injiniya: Zai yi. Ki yi su ɗaya bayan ɗaya, ita ɗalibar ta riƙe agogo.