Tiyatar rage tumbi ga mai shekara 67, ya kuke gani?

Autar Hajiya:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu shekarunta 67, nauyinta kilo 118, ga suga ga hawan jini, gwiwa kuma ta hana ta sallah a tsaye sai a kujera. Likita ya kawo maganar tiyatar rage tumbi, yayyena sun ce atafau ba mai yanka musu tsohuwa. Akwai wanda nasa ya yi da irin shekarun nan?

Abu Hanan:
Baffana ya yi a Masar yana da 64, irin wadda ake cire wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbin a bar shi siriri kamar ayaba. Ba farke ciki ake ba, 'yan huji ne ake zura kyamara. Suga ta sauka sosai har an rage masa magani amma ba ta tafi ba, dama an faɗa mana wanda ya daɗe kan allurar insulin da wuya ya rabu da ita kwata-kwata. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne ci, sati biyu sai ruwa-ruwa, mutumin da ke tashi da malmala biyu yanzu loma huɗu ya ƙoshi ya zauna yana hararar mu. Azumin shekarar ma likita ya hana shi.

Maman Biyu:
Ni nas ce. 'Yar uwa ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin tiyatar suka fitar a 2022 ba su yanke shekarar dainawa ba, ƙarfin jiki ake aunawa, zuciya, huhu, ƙoda, tana iya tashi da kanta? Tsofaffi ba sa zubar da kilo kamar matasa kuma haɗarin ya ɗan fi nasu. Abin da ya fi damuna tsoka da ƙashi, in ba ta cin ƙwai da kifi da wake tana ɗan takawa, za ta rame ta rasa ƙarfi. Ga bitamin B12 da kalsiyam da maganin ƙarin jini har ƙarshen rayuwa. Su diclofenac, maganin ciwon gwiwa, ma sai an sake lale saboda gyambon ciki.

Ɗan Kasuwa:
Wai ba ga allurar Ozempic ba, ta suga mai rage ƙiba? Ni wlh da a gwada ta tukuna.

Maman Biyu:
Ana gwadawa, sai dai duk sati ce ga tsada, in an daina kuma ƙibar kan dawo.

Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai. Zan nemi a fara gwajin zuciyar. Hajiya kam tunda ta ji batun loma huɗu ta yi shiru.